Kilimanjaro: Dutsen Da Ba A Hawansa Da Gaggawa

A shekarar 1848 wani mai bishara, Johannes Rebmann, ya hango wani dutse a Afirka ta Gabas, kansa fari fat. Da ya aika Turai cewa ƙanƙara ce, waɗansu masana suka ƙaryata shi, wai ina ƙanƙara a ƙasar zafi? Ashe gaskiyarsa ce. Dutsen nan shi ne Kilimanjaro na Tanzaniya, tsayinsa mita 5,895.

Mai niyyar hawa sai ya lura da lokaci. Daga Maris zuwa Mayu ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Hanyar kurmi a gindin dutsen takan zama taɓo, can bisa kuwa dusar ƙanƙara ta rufe sawu, ga santsi. A Nuwamba ma akan yi ruwa. Shi ya sa aka fi hawa a Janairu da Fabrairu, ko daga Yuli zuwa Oktoba.

Ko da rani ma akwai hatsari, gama iskar can bisa ba ta ƙosar da numfashi. Wanda ya yi sauri sai ciwon kai da amai, wani har ya rasa ransa. Ta hanyar Marangu akan yi kwana biyar ko shida. 'Yan jagora kullum cewa suke "pole pole", wato sannu sannu. In sun ce ka sauka, kada ka yi gardama.