Ruwa ba ya bin tauraron ɗan Adam

Duk wanda ya yi aikin awon ƙasa kafin shekarar 1995, lokacin da tsarin GPS na Amurka ya kammalu da taurari 24, ya san wahalar neman tsayin wuri bisa teku. Da ƙafa ake tafiya, wani riƙe da sanda mai lambobi, wani yana leƙa madubin awo, daga alamar siminti zuwa wata, cikin rana da ƙura. Yanzu kuwa na'ura guda kan saurari taurarin da ke nesa da ƙasa da wajen kilomita 20,200, ta ba da lamba.

Wani tsohon ma'aikacin awo na Maraɗi, wanda ya ga zamanin biyu, ya yi murna da wannan sauƙi ƙwarai, amma bai taɓa yarda ya sa hannu a takardar aikin ruwa bisa wannan lamba ita kaɗai ba. Dalilinsa shi ne, tsayin da GPS ke aunawa yana tashi ne daga wata dunƙulalliyar siffa mai sulɓi da masana lissafi suka tsara. Shi ko ruwa, ƙarfin jan ƙasa yake bi, kuma wannan ƙarfi ba ɗaya ba ne ko'ina, saboda duwatsun ƙarƙashin ƙasa sun bambanta a nauyi. Shimfiɗar da teku za ta yi in ta kwanta ƙarƙashin nahiyoyi ita ce ake kira jeyoyid. A kudancin Indiya tana ƙasa da siffar lissafi da fiye da mita 100, kusa da Sabuwar Gini tana sama da wajen mita 85, a kudancin Nijar kuma da wajen mita 20. Sai an cire wannan bambanci kafin a samu tsayin da ruwa ya sani.

Taswirar jeyoyid ta duniya ta fito a 1996, wata da ta fi ta kyau a 2008, taurarin GRACE da GOCE kuma, da aka harba a 2002 da 2009, sun ƙara gyara ta. Duk da haka inda awon ƙasa ya yi ƙaranci, kuskurenta kan fi abin da aikin noman rani zai jure. A fili shimfiɗaɗɗe irin na Jiratawa ko Ƙonni, santimita kaɗan sun isa su hana ruwa kaiwa ƙarshen magudana.

Saboda haka tsohon kan koma ga alamun siminti na dā waɗanda aka san tsayinsu, ya auna su da GPS, ya ga ratar da ta rage. Lambobin ba su taɓa zuwa daidai. Sai ya yi aiki da dabarar da Legendre ya wallafa a 1805, Gauss kuma a 1809: a nemi amsar da ta fi rage jimillar kurakurai bayan an ninka kowane da kansa, a ba awo mai inganci nauyi fiye da mai rauni, kamar yadda alƙali ke yi da shaidu. Abin da ya fi so a dabarar shi ne, tana faɗin amsa tare da iyakar kuskurenta.

Ɗan kasuwa ya san asarar sayen hatsi da wata tiya a sayar da wata. Haka ya faru a 2003 wajen gina gadar Laufenburg tsakanin Jamus da Suwizaland: ƙasashen biyu sun bambanta da santimita 27 a mafarin awonsu, aka yi gyaran a juye, ratar ta koma 54.

Ma'aikacin da ke karɓar aikin magudana, da attajirin da ke biyan kuɗin tankin ruwa, suna da haƙƙin tambayar mai awo abu uku: wace jeyoyid ya ɗauka, waɗanne alamu ya gwada, kuskuren santimita nawa ne. In ya kasa amsawa, gara a dakata da zuba siminti.