Wutar tana nan, hanya ce ta cinye ta

Duk ɗalibin da ya sayi mota a Birtaniya da kuɗin aljihunsa ya san irin motar da kuɗin ke iya saya. Tawa 'yar 1996 ce, shekarunmu kusan ɗaya da ita. Injinta lafiya lau, ba ta shan mai, amma fitilunta kamar an ɗaura aci-balbal biyu a gabanta. Da bazara ban damu ba, domin a Aberdeen rana takan kai ƙarfe goma na dare ba ta faɗi ba. Da hunturu kuwa labari ya sha bamban. A watan Disamba kafin ƙarfe uku da rabi na yamma rana ta faɗi, ba za ta sake fitowa ba sai kusan ƙarfe tara na safe.

Ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a bayan gari, cikin awa 20 ɗin da biza ta yarje wa ɗalibi a mako. Hanyar siririya ce, babu fitilun titi, ga kwana-kwana, ga barewa da ke faɗowa titi ba sallama. Bas ba ta zuwa wurin a lokacin da nake tashi. Ko dai in ga hanya, ko in ajiye aikin da ke biya mini kuɗin haya.

Shawarar da kowa ya ba ni ita ce in canza ƙwan fitila. Wasu suka ce in sa mai wat 100, wasu suka ce LED ake yayi. Duka biyun akwai matsala. Tun Janairun 2021, idan aka sa ƙwan LED ko HID a gidan fitilar da aka ƙera don halojin, motar ba za ta ci gwajin shekara-shekara na MOT ba, sai dai in an fara hawanta kafin Afrilun 1986. Mai wat 100 kuma ba a amince da shi a titi ba, sannan yana jan wuta kusan ninki biyu ta cikin tsofaffin wayoyin da dama sun gaji.

Wanda ya nuna mini inda gizo ke saƙar wani dattijo ne mutumin Kumasi, wanda ya koyi wayarin mota a Suame tun yana saurayi. Matarsa ƙawar hirata ce a masallaci. Bai taɓa ƙwan ba. Mita ya ɗauko, ya ce in tada mota in kunna fitila. A kan batir ta nuna bolt 14.1. A bakin ƙwan kuwa 11.6.

Ya ce, “'Yata, kin ga ɓarawon? Bolt biyu da rabi sun fito daga gida ba su iso ba.”

Na ce, “Baba, ina suka tsaya?”

Ya nuna sitiyari da yatsa.

Ga yadda abin yake. A motoci da yawa na wancan zamani, wutar fitila ba ta tafiya kai tsaye daga batir zuwa ƙwai. Sai ta shiga cikin mota, ta bi ta akwatin fiyus, ta ratsa makunnin fitila, ta ratsa sandar ful da dim da ke jikin sitiyari, sannan ta dawo gaba ta siririyar waya. Ƙwai biyu masu wat 55 suna jan kimanin amfiya 9, kuma duk wannan wutar ta cikin ƙananan makunnai take bi. Lokacin da motar ke sabuwa, asarar ba ta taka kara ta karya ba. Bayan shekara ashirin da wani abu, ga danshi, ga gishirin da ake watsa wa tituna saboda ƙanƙara, kowace mahaɗa ta yi tsatsa, kowace tana gutsurar rabonta ta mayar da shi zafi. Shi ya sa makunnin wasu tsofaffin motoci ke ɗumi idan an daɗe da kunna fitila.

Ƙwan halojin kuma ba ya yafe ragi. Irin nawa, H4, a kan bolt 13.2 ake auna haskensa. Idan ƙarfin wuta ya ragu da kashi 10 cikin 100, haske kan ragu da kusan kashi 30. Wato ni kusan sulusin hasken da na biya kuɗinsa ba ya fitowa, alhali ƙwan bai da laifin komai.

Maganin shi ne rile, wani ɗan akwati da bai fi akwatin ashana ba. Makunni ne da wuta ke kunnawa. A cikinsa akwai naɗin waya wanda ke zama maganaɗisu idan 'yar wuta ta shige shi, sai ya jawo wani ƙarfe ya haɗa babbar hanya. Ƙafafunsa na da lambobi bisa tsarin Jamus da masu ƙera motoci suka daɗe suna bi. Lamba 30 ita ke karɓar wuta daga batir. Lamba 87 ita ke kai ta ga ƙwai. Lambobi 85 da 86 na naɗin ne: ɗaya a jikin ƙarfen mota, ɗaya a tsohuwar wayar fitila. Da haka tsohon makunni ya huta da dako. A da yana ɗaukar amfiya 9, yanzu abin da ke bi ta kansa bai kai rabin amfiya ba. Aikinsa kawai ya ce wa rile “kunna”, wuta kuma ta bi gajeriyar hanya mai kauri daga batir.

Ranar wata Asabar muka yi aikin a garejin Baba, shi yana faɗa ni ina yi, don ya ce idanunsa sun daina ganin ƙananan wayoyi. Muka fara cire kan batir na nagatif. Rile biyu muka sa, ɗaya na dim ɗaya na ful, kowanne da fiyus ɗinsa, don kada abu ɗaya ya lalace duhu ya rufe ni gaba ɗaya. Fiyus ɗin dab da batir muka ɗaura su. A nan Baba ya fi tsanantawa, domin wayar da ta fito daga batir ba fiyus, in ta goge ta taɓa ƙarfe, gobara ce. Muka yi amfani da waya mai kaurin milimita 2.5, muka kauce wa wurare masu zafi da masu kaifi, muka kankare fenti da tsatsa inda wayar ƙasa za ta kama jikin mota. Ba mu yanke ko waya ɗaya ta asali ba, soket muka sa, yadda in an so a mayar da komai yadda yake za a iya. Kayan duka ba su kai fam 30 ba. Da muka sake aunawa, bakin ƙwai ya nuna 13.8.

Hasken ya tashi daga ruwan ɗorawa ya koma fari. Allunan hanya suka fara bayyana tun daga nesa, gefen titi da a da nake lalube ya fito sarai. Na daina isa wurin aiki da ciwon kai da ƙagaggun kafaɗu.

Ga 'yan'uwa da ke son gwadawa, akwai abin lura. A fara aunawa. Idan bambancin batir da ƙwai bai kai rabin bolt ba, matsalar ba a nan take ba, wataƙila gilashin ne ya dushe ko madubin ciki ya mutu. Wasu motocin dama suna da rile tun daga kamfani. Wasu kuma, musamman tsofaffin ƙirar Japan, ta ɓangaren wayar ƙasa suke kunna fitila, don haka haɗinsu daban ne. Sababbin motoci da kwamfuta ke kula da fitilunsu a bar wa masana. Ƙwan da ke samun cikakkiyar wuta ya fi saurin mutuwa, sai a riƙa ajiye na ko-ta-kwana. A sa a duba saitin fitila, kada haskenka ya makantar da mai tahowa. A kuma sanar da kamfanin inshora, domin a nan ƙasar canjin da ba a faɗa ba yakan zama hujjar ƙin biya.

Yawancinmu mun zo karatu ne da kuɗi ƙididdigagge, kuma tsohuwar mota ce rabonmu har mu gama. Kafin a kashe kuɗi a kan sabon kaya, a nemi mita, a nemi wanda ya san aikin. Irin su Baba suna nan a masallatanmu, sahu ɗaya muke da su, ba mu tambaya ne kawai. Allah Ya saka masa da alheri, Ya kai mu gidajenmu lafiya.