Kwanon Bushiya a Ludlow

Kusa da garin Ludlow, dab da iyakar Ingila da Wales, akwai ofishin ƙungiyar kare bushiya ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1982. Mu da muka tashi muna ganin yara suna mirgina bushiya da sanda a bayan gari, jin wannan kan ba mu dariya. Tawa dariyar ta ƙare ne a watan Disamba, a lambun gidan da na sauka.

Kowace magariba uwargidan takan ajiye kwano biyu a cikin akwati mai ƙaramar ƙofa, don kada kyanwa ta riga baƙuwar: ɗaya abincin kyanwa mai nama, ɗaya ruwa. Madara kuwa ba a kawo ta kusa, domin gudawa take sa bushiya.

Bushiyar can takan yi dogon barci daga Nuwamba zuwa Maris, kitsen jikinta ne guzurinta. Idan sanyi ya sassauta sai ta farka, farkawar ta cinye kitsen, ga ƙwari da tana sun yi wuya. 'Ya'yan da aka haifa a makare, waɗanda ba su kai giram 450 ba, da wuya su ga Maris. A 2020 aka sanya ta cikin dabbobin Birtaniya da ake fargabar ƙarewarsu.

A ganina, kwano bai kai huda shinge muhimmanci ba. Bushiya kan yi tafiyar fiye da kilomita ɗaya a dare, saboda haka ake buɗe mata kafa mai faɗin santimita 13 a gindin shinge. Maƙwabcin hagu ya yarda an huda. Na dama, mai kare, har na taho bai amince ba.