Fataskum: Garin Da Ba A Wuce Ɗan'uwa A Kan Hanya

Daga Wakilinmu

Duk matafiyin da ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Maiduguri ya san Fataskum, ko da kuwa ta tagar mota ya hango ta. Tun kafin ka shiga gari za ka fara ganin alama. Ga manyan motoci nan jere a bakin titi, wasu an ɗaga musu kai ana gyara, wasu kuwa yaran mota sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsu suna ramuwar barci. Na sauka garin ran Talata da la'asar, a tsakiyar hunturu, da niyyar in ga kasuwar shanu ta ran Laraba in kawo wa masu karatu labarinta. Amma abin da na gani ran Alhamis a wata 'yar hanyar daji shi ya ɗauke mini hankali, kuma shi zan ba da labari a yau.

Fataskum, wadda ake rubutawa Potiskum a takardun Gwamnati, tana kamar kilomita 300 gabas da Kano, kamar kilomita 100 kuma yamma da Damaturu, babban birnin Jihar Yobe. Ngizimawa da Karekare da Bolawa da Fulani da Hausawa duk suna zaune a cikinta, kuma Hausa ce harshen kasuwa. A shekarar 1924 Turawan mulkin mallaka suka dawo da hedkwatar masarautar Fika nan daga garin Fika, ga shi yau Sarkin Fika da Mai Fataskum duk a garin suke zaune. Da can tana cikin Jihar Borno, sai ran 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Yobe, ta faɗo cikinta.

Abin da ya raya garin nan kuwa hanya ce. Hanyoyi biyar suka haɗu a nan: ta Kano wadda ta biyo ta Azare, da ta Bauci wadda ta biyo ta Darazo, da ta Gombe wadda ta ratsa ƙasar Fika, da ta Gashuwa, sa'an nan ta Maiduguri. Kasuwar shanunsa tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, daga nan ake lodin shanu a tirela zuwa Ikko da Fatakwal da sauran biranen Kudu. Saboda haka da wuya ka sami gidan da ba shi da direba, ko yaron mota, ko bakanike, ko mai faci.

Dokar Da Ba A Rubuta Ba

Da daren Laraba na zauna teburin mai shayi kusa da inda manyan motoci ke kwana, na yi dace da wani dattijon direba wanda ya ce tun yana saurayi yake bin hanyar Kudu. Na tambaye shi abin da ya fi tsoro a hanya. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ba haɗari na fi tsoro ba, wannan na Allah ne. Abin da nake tsoro shi ne in faɗi a inda babu ɗan'uwa a bayana."

Ya bayyana mini yadda al'adarsu take. In mota ta lalace ko ta faɗi, aikin farko na yaron mota shi ne ya karyo ganye ya jera a kan kwalta gaba da baya, domin mai zuwa ya rage gudu. Direban da ya ga haɗari yakan ƙyafta wa masu tahowa fitila. Wanda ya iso kuwa ba ya wucewa sai ya tsaya ya ji abin da ake bukata, ko jak ne, ko sarƙar ja, ko taya, ko galan na mai. In motar shanu ce ta kife, bayan an fitar da mutane sai a nemi wuƙa a yanka dabbobin da suka karye tun ba su zama mushe ba, don kada mai dukiya ya yi asara biyu. Ya ce duk wanda aka san ya wuce ɗan'uwa a kwance, labarinsa zai riga shi isa tasha, kuma ranar da tasa ta same shi zai gane kurensa.

Na ɗauka irin cika bakin masu sana'a ne. Ashe kafin rana ta sake faɗuwa zan ga abin da idona, ko da yake ba a kan kwalta ba.

A Hanyar Daji

Da sassafe ƙanen mai masaukina ya goya ni a babur za mu wani ƙauye a ƙasar Fika, inda kasuwa ke ci ran nan. Shi kansa hawan babur a wannan yanki yana da tarihi. A shekarar 2012, lokacin da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, Gwamnatin Jiha ta hana hawansa. A wannan shekara ce kuma, ran 2 ga Mayu, 'yan bindiga suka afka wa kasuwar shanu suka kashe fiye da mutum 30. Sai a shekarar 2021 aka sassauta dokar. Mutanen cikin gari sun sami Keke NAPEP, amma mutanen ƙauye su suka fi jin jiki, domin akwai hanyoyin da in ba babur ba sai jaki ko amalanke.

Fataskum ta yi suna wajen sanyin hunturu, ranar nan kuwa hazo ya rufe ko'ina, ba ka hangen abin da ya wuce kukar da ke gabanka. Muka bar kwalta muka shiga wata siririyar hanya tsakanin gonakin da aka girbe, wani wuri tsakuwa, wani wuri yashi mai kama taya. Babura na tafe a jere, kowa ya naɗe fuska da rawani, kowa ya ɗauro buhun wake ko na gero.

Muna gangarawa wani busasshen rafi sai muka ga ƙura ta tashi. Wani magidanci mai buhu biyu a baya ya shiga yashi da gudu, tayar gaba ta kafe, babur ya juye ya danne masa ƙafa. Kafin mu iso jini ya jiƙa masa wando, ƙafar kuwa ta lanƙwashe a ƙasan gwiwa, inda Allah bai yi gaɓa ba. Na ciro waya, babu ko ɗigon sabis. Kwalta tana can baya, tafiyar kusan rabin awa.

Cikin ɗan lokaci babur shida suka tsaya, ba wanda ya wuce. Aka ɗage babur daga kansa. Nan take samari biyu suka kama hannuwansa za su tsayar da shi, wani ya riƙe ƙafar zai ja ta ta miƙe, wani kuma ya kawo ruwa zai ɗura masa. Duk da kyakkyawar niyya suke yi. Sai wani mutum mai furfura a gemu ya daka musu tsawa, ya ce, "Ku sake shi, 'ya'yana! Kada wanda ya ja ƙafar nan."

Ya durƙusa ya tambayi mai raunin ko wuyansa ko bayansa na ciwo. Ya kwance rawaninsa ya ninke, ya danne gefen raunin har jini ya tsagaita. Ya sa aka karyo karan dawa masu ƙwari daga gona, ya jera su gefe da gefe, ya ɗaure ƙafar sama da ƙasa yadda ya same ta. Ya hana a ba shi ruwa, ya ce wataƙila a yi masa aiki a asibiti. Ya sa aka lulluɓe shi da riguna saboda sanyi. Daga baya ya gaya mini shekarun baya ya yi aikin 'yan agaji, a can ya koyi wannan.

Sai gardama ta tashi. Wasu suka ce a kai shi wurin maɗori a ƙauyen da ke kusa. Dattijon ya ce yana ganin girman maɗora, amma karayar da ƙashi ya huda fata ta asibiti ce, in ƙasa ta shiga ciki ƙafar za a rasa, ko ma rai. Aka bi maganarsa. Wani yaro ya ruga ya kirawo mai amalanke. Wani ya ɗauki nauyin kai babur gidan mai unguwa. Wani ya ɗora buhunan wake a nasa, ya ce zai damƙa su ga dillalin mai raunin a kasuwa. Aka cire hula aka zagaya, kowa ya jefa abin da ya samu. Har aka gama duk wannan ban ji an tambayi mutumin ƙabilarsa ko garinsu ba, sai da aka zo neman wanda za a aika wa iyalinsa.

Inda Gizo Ke Saƙa

Da muka fito bakin kwalta na ga ɗaya fuskar al'amarin. Ƙananan motoci uku suka rage gudu, suka leƙa, suka wuce. Wani fasinja ma waya ya ɗaga yana ɗaukar hoto. Wata tsohuwar a-kori-kura mai ɗauke da itace ita ta tsaya, direban ya sauke rabin kayansa a gefen hanya ya ce a sa shi.

Na tambayi abokan tafiyata dalilin da ya sa mutane ke wucewa. Suka ce tsoro ne: tsoron kada a riƙe mutum a matsayin shaida, ko a ce shi ya buge, ko a ce sai ya ajiye kuɗi kafin a taɓa majinyaci. Ya kamata jama'a su sani cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a shekarar 1988, tana da lambar kira 122. Amma lamba ba ta da amfani inda waya ba ta shiga, motar asibiti kuma ba ta ratsa yashin rafi.

Can Ƙasar Ƙanƙara

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba. A Kanada da Alaska ta Amurka, inda dusar ƙanƙara ke rufe hanya wata da watanni, suna da wani irin babur wanda maimakon tayar gaba yake da sulɓi biyu, a baya kuma bel mai haƙora irin na katafila. Tarihinsa ma yana da alaƙa da rashin isa asibiti. A hunturun shekarar 1934 ɗan wani bakanike mai suna Joseph-Armand Bombardier, a garin Valcourt na lardin Kubek, ya rasu domin ƙanƙara ta toshe hanyar asibiti. Uban ya duƙufa har ya ƙera motar ƙanƙara mai ɗaukar mutum 7 a shekarar 1937, sa'an nan a 1959 ya fito da ƙaramin babur ɗin da ake kira Ski-Doo.

Babban abin tsoron mahayansa a kan duwatsu shi ne ƙanƙara ta zaftaro ta binne mutum. Binciken da aka yi a Suwizalan ya nuna in an tono mutum cikin minti 15, kusan 9 cikin 10 suna rayuwa, amma in an kai minti 35 sai kamar 3 cikin 10. Babu jirgin ceton da zai iso cikin wannan lokaci. Don haka ake horon kowane mahayi ya riƙe shebur, da doguwar sandar tsira ƙanƙara, da 'yar na'ura mai nuna inda aka binne shi, ya kuma koyi aiki da su. Ran 13 ga Maris, 2010, ƙanƙara ta zaftaro kan taron mahaya kamar 200 kusa da garin Revelstoke a Kanada. Mutum 2 suka rasu, kamar 30 suka ji rauni, kuma 'yan'uwansu mahaya ne suka fara tonon waɗanda aka binne tun kafin hukuma ta iso. A tseren Iron Dog na Alaska kuwa, wanda aka fara a 1984, yanzu kuma tsawonsa ya haura mil 2,000, ba a yarda mutum ya shiga shi kaɗai ba, sai bibbiyu.

Watau su ma sun gane abin da dattijon direban nan ya gaya mini. Bambancinmu da su ɗaya ne: su sun haɗa zumunci da horo, mu kuwa mun bar zumunci shi kaɗai yana ɗaukar kaya. Mutum goma sha suka tsaya a rafin nan, amma ɗaya ne tak ya san abin yi. Da ya makara da minti biyar, da masu ƙaunar mutumin nan su suka ƙarasa masa ƙafa.

Kada wani ya ce wannan sai Turawa. A ƙasar Gana an gwada. Likitoci a Kumasi sun koya wa direbobin haya fiye da 300 taimakon farko cikin awa 6 kacal, rahoton da aka buga a shekarar 2002 kuma ya nuna da yawansu sun yi aiki da abin da suka koya, wajen tsayar da jini da ɗaure karaya da buɗe hanyar numfashi.

To, me zai hana a yi haka a Fataskum? Ƙungiyar direbobi ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1978, tana da reshe a tashoshi. Ga 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, ga Red Cross, ga ma'aikatan kiyaye haɗurra, ga sarakuna biyu waɗanda in sun yi kira za a amsa. Yini guda a tasha ko a bakin kasuwa ya isa a koya wa direba da mai babur yadda ake danne jini, da yadda ake ɗaukar wanda ya bugu a wuya, da abin da ba a yi. Masu tsayawa muna da su, ilmin ne ya rage.

Ran Juma'a kafin in kama hanyar Kano na biya asibiti na duba mutumin. An yi masa aiki, ƙafar tana nan. A gefen gadonsa na tarar da wanda ya ɗauki buhunan waken, ya kawo kuɗin a ƙulle cikin leda, yana lissafa masa har da ladan dillali. Na tambaye shi ko da ma sun san juna. Ya ce, "A'a, Malam, jiya muka fara haɗuwa. Amma ai hanyar nan gobe ma ita zan bi."

Allah ya kiyaye mana hanyoyinmu, amin.