Don Allah a Bar Mana Sangaya Yadda Take

Ku matso kusa, 'yan'uwa, wagga magana tsakaninmu ce. Tun da fina-finai masu dogon zango suka mamaye talabijin, daga Daɗin Kowa zuwa Labarina da Arewa24 ta fara nunawa a 2020, gabana ke faɗuwa kada a wayi gari a ce za a sake Sangaya, a yi ta janta mako-mako har shekara ta zagayo.

Kun tuna yadda muka gan ta. Kaset na haya daga shago a cikin Jega, gida guda mai bidiyo, mata da yara cike da tsakar gida. Fati Mohammed ce Zubaina, yarinya mai hidima a gidan sarauta, Ali Nuhu kuma Yarima Maina. Hoton ba shi da wani haske, sautin ma wani lokaci sai an kasa kunne. Amma idan Zubaina ta sunkuyar da kai, kowacce cikinmu ta san wannan kunyar, don irinta aka koya muna.

Yaya, na san abin da za ki ce: ai an sake Mujadala a 2018, kuma Ali Nuhu da kansa ya ba da umarni. Gaskiya ne, an kashe kuɗi, hoto ya fito tas, Umar M. Shareef ya yi ƙoƙarinsa. Ni dai na kalla da idanu, zuciyata ba ta motsa yadda ta motsa a na farko ba. Shi ma ɗin fim ne da ake gamawa a zama ɗaya. Abin da nike tsoro ya wuce haka.

Turawa sun riga mu ɗanɗana wannan. A Ingila akwai wani fim na 1945, Brief Encounter: matar aure, irin wadda za ki wuce a kasuwa ba ki waiga ba, ta haɗu da wani likita a tashar jirgin ƙasa. So ya shiga tsakaninsu, suka ga ba hanya, suka haƙura, ta koma ga mijinta da 'ya'yanta. A 1974 aka sake shi don talabijin, aka ɗauko Sophia Loren, tauraruwar Italiya da duniya ta san kyawunta, aka haɗa ta da Richard Burton. Masu sharhi suka yi masa kaca-kaca. Wa zai yarda mace irin wannan ce matar da ba wanda ke lura da ita? Casablanca ta 1942 ma an mayar da ita shirin talabijin a Amurka a 1983, kashi biyar kawai aka yi, aka tattara.

To ku duba min. Yau idan aka sake Sangaya, Zubaina za ta fito da gashin ido na kanti da leshi mai tsada, tana shara a gidan bene. Kuma tunda dole a cika makonni, sai a ƙaro kishiya, a ƙaro boka, a ƙaro hatsarin mota da mantuwa, kamar furar da aka yi ta zuba wa ruwa don ta ishi baƙi. Yaranmu su kalli wannan su ce, ashe abin da iyayenmu ke kuka a kai ke nan? Wallahi wannan ne ke ci min rai.

Masu kuɗin shirya fim, in sabon labari suke nema, su zo Kabi mana. Ga ɗiyar manomin albasa a Aliero da ɗalibin jami'ar garin, ga direban da ke bin hanyar Maiyama kullum don wata mai tuwo-tuwo. Amarya, ke da kika yi karatu a Aliero, ba ki ce kin san irin wannan labarin ba? Gyara zama ki ba mu.