Ranar da ƙwallo ta fita ta lasifikar masallacinmu

Mutanen layinmu sun riga sun san labarin nan, wasu ma da kunnensu suka ji. To amma tunda ya zagaya Hausawa Asibiti ana ta ƙara masa gishiri, gara in faɗe shi da bakina.

Autana shekararsa 15. Tun bara na lura ana idar da Magariba ba na ganinsa a sahu, ashe gidan gem yake tafiya, wani shago da ake biya a buga ƙwallo a talabijin. Wasan bai dame ni ba kamar ƙa'idar da suke bi, wai wanda aka ci shi ke biyan kuɗin duka biyun. Ni dai wannan ƙanshin caca nake ji a jikinsa. Sannan ga dare. Duk wanda ya zauna a Potiskum daga 2012 zuwa 2014 ya san yadda gaban uba ke faɗuwa in duhu ya yi yaro bai shigo ba. An samu lafiya, alhamdu lillahi, amma zuciya ba ta manta ba.

Na yi faɗa, na hana kuɗi, bai yi amfani ba. Sai yayansa da ke tuƙa tirela ya dawo daga Legas da PlayStation 4 ta hannu, ya ce, "Baba, in dai ba za ka iya raba shi da abin nan ba, bar shi ya yi a gabanka." Na kwana biyu ina juya maganar, sannan na yarda.

Nan aka fara wani rikicin. Talabijin ɗaya ce a gidan, uwargida kuwa ta ce kada wanda ya taɓa mata ita lokacin Arewa24. Sai na tuna da allon tsohuwar kwamfutar da na saya don lissafin shago. Kwamfutar ta mutu tuntuni, allon na nan lafiya lau a ƙarƙashin gado. Ga shi bai kai babbar talabijin shan wuta ba, batirin solarmu zai ɗauke shi.

Muka ɗauko, waya ta ƙi shiga. Wani yaro mai gyara a kasuwa ya yi mini bayani, na kuma riƙe shi kamar karatun allo. Na'urar tana fitar da hoto da sauti tare ta waya guda da ake kira HDMI. Allon nawa tsoho ne, raminsa shuɗin nan ne mai ƙananan huji 15, VGA, wanda hoto kaɗai yake ɗauka, ba ruwansa da sauti. Allon ma ba shi da sifika ko ɗaya. Ya ce tsohuwar PlayStation 2 da wayarta mai kai uku take zuwa, rawaya na hoto, ja da fari na sauti, raba su ba wuya, amma wannan sai an sa mata tafinta a tsakani. Tafintan wani ɗan akwati ne kamar na ashana, suna ce masa konbata: HDMI ya shiga ta nan, VGA ya fita ta can, a gefe kuma ga ɗan ramin sauti irin na waya.

Na farko da na saya asara na yi, allo baƙi ƙirin. Ashe sai wanda ake ba wuta daban ta USB, don abin da na'urar ke turowa ta wayar bai ishe shi ba. Kuma akwai wani makulli a cikin saitinta, HDCP, da aka sa don hana satar finafinai. Sai an jona ta da talabijin an kashe shi tukuna. Muka roƙi uwargida aron minti biyar, hoto ya fito tar. Saura murya.

Kun san amfilifayar masallacinmu a zaurena take kwana tun da aka sace ta farko, wayarta ta bi ta taga zuwa lasifikar da ke kan ƙarfe. Ranar wata Laraba, ranar kasuwar shanu, gari ya cika ina shago ko zama ban samu ba, sai ladan ya kira ni bayan La'asar: "Liman, wane ne ke wa'azi da Turanci a masallaci?" Ta cikin wayar ina jin ihun 'yan kallo da Bature yana ta zuba. Yaron ya ja waya daga konbata ya cusa a amfilifaya, ya ɗaura wata ƙaramar sifika a bayanta, ya manta bai cire wayar ta waje ba. Shi a zaure yana ganin shi kaɗai ke ji.

Jama'a sun yi dariya, ni ban yi ba. Kayan nan ba nawa ba ne, karo-karo aka yi aka saya don kiran salla, amana aka ba ni. Bayan Isha'i na miƙe na ba mamu haƙuri, na sa shi ma ya miƙe ya bayar. Wani dattijo ya ce abin da ke ransa: "Malam, ai tun farko liman bai kamata ya shigar da wannan abu gidansa ba." Ban ji haushi ba, don ni ma na yi wa kaina wannan tambayar. Na ce masa, "Baba, gaskiyarka, amma yau sati uku ke nan yana bayana a Magariba." Ya yi shiru, ban ce ya gamsu ba. Amfilifaya dai yanzu tana cikin akwati da kwado, mabuɗi ɗaya a wurina, ɗaya wurin ladan.

Da yaron ya ga haka, sai ya kawo shawarar da ta fi arha. Hannun da ake riƙewa a buga wasan yana da ramin abin sawa a kunne, ana iya juya sautin duka ya koma can, ba wanda zai ji komai. Wannan kam na ƙi. Yaron da ya toshe kunnuwansa ba zai ji kiran salla ba, ba zai ji uwarsa tana aikensa ba, ni kuma ba zan san me yake saurare ba. Me ya raba shi da yana gidan gem ke nan?

Na sayo 'yan sifikun kwamfuta guda biyu, masu shan wuta ta USB, muka jona a ramin konbatan. Ƙararsu ta cika zaure, ba ta kai bakin titi ba. Kiɗan da wasan ke sawa kafin a fara, ya nuna mini inda ake rage shi har ya mutu, muka kashe. Abokansa uku suna zuwa, ba a biyan ko kwabo, kuma da ladan ya shigo buɗe akwati suke ajiye hannu su nufi buta.

Shekaranjiya ya miƙo mini hannun ya ce, "Baba, gwada mana." Aka zura mini huɗu kafin in gane wanne ne ɗan wasana.