Tsofaffin Jiragen Saint-Tropez

Jirgin ƙasa ba ya shiga Saint-Tropez. Daga Sainte-Maxime na hau ƙaramin jirgin fito, kuma tun muna tsakiyar ruwa na hango fararen ƙyallayen jiragen ruwa masu tafiya da iska sun cika gaɓar Bahar Rum, ko ta ina. Ni da na tashi a Jos, babban ruwan da ido ya saba da shi bai wuce kududdufan da haƙar kuza ta bari a Rayfield ba. Sai na saki baki.

Ƙarshen watan Satumba ne, lokacin tseren jiragen ruwa da ake kira Les Voiles de Saint-Tropez. Ya samo asali a 1981, sa'ad da jirage biyu kacal, Ikra da Pride, suka ƙalubalanci juna. Yau ɗaruruwa ne ke zuwa.

Da safe na bi bakin tashar ina duba su ɗaya bayan ɗaya, har na iso gaban wani mai suna Tuiga, a nan ƙafata ta ƙi gaba. William Fife ne ya ƙera shi a Sukotlan a 1909, yanzu kuma yana hannun ƙungiyar matuƙa ta Monako. Katakonsa na sheƙi, tagullarsa kana ganin fuskarka a ciki. Wani matashi na durƙushe yana goge ta da tsumma, wata budurwa na naɗe igiya, zobe bisa zobe, ba hanzari. Duk mai hawa sai ya tuɓe takalmi.

Tseren kansa kuwa ya ɗaure mini kai. Aka buga bindiga, sai na ga wasu sun yi dama wasu hagu, babu wanda ya doshi inda aka nufa. Wani dattijo da ke kusa da ni ya zana mini a tafin hannunsa: jirgi ba ya fuskantar iska kai tsaye, sai dai ya riƙa yanka ta a karkace. Ya ƙara da cewa wanda ya riga isa ba lallai shi ya ci ba, sai an yi lissafin girman kowane jirgi.

Can iska ta taso. Tuiga ya kwanta gefe guda har ruwa na lasar bakinsa, matuƙa suka jeru suna jan igiya da hannu, murya ɗaya. Wallahi tsigar jikina ta tashi.

Wannan jirgi ya girmi layin dogon da ya haɗa Zariya da Jos a 1914, wanda aka rufe a 1957. Namu ya zama labari, nasu yana nan yana tsere, domin kowace shekara akwai mai kankare shi ya shafa masa sabon fenti. Wannan riƙon ya fi kuɗin da aka kashe burge ni.

Idan Allah ya kai ka kudancin Faransa a wannan lokaci, ka yi sammako zuwa tashar kafin jiragen su fita, ka ga masu goge-gogen da idonka.